LAUYAN SHANGHAI: AWON LITTAFIN WANI BAƘO DA YA YI SUNA A GARIN MUTANE

 A wannan fitowa ba waƙa za mu auna ba, ba kuma littafin hikaya ba. Littafi ne na tarihin ran wani lauya Ba'amurke, wanda ya yi zaman neman abinci a ƙasar Sin har yaƙi ya ci shi a can. Wani tsohon ɗalibinmu mai karatun shari'ar Turawa shi ya kawo mana shi. Da ya ke Ingilishinmu na tsintuwa ne, sai muka riƙa zama da shi bayan an tashi makaranta, yana karantawa muna tsayar da shi da tambaya, har muka kai ƙarshe. Muka ga bai kamata mu ci wannan tuwo mu kaɗai ba, domin mu ma baƙi ne 'ya'yan baƙi, kuma abin da ya sami baƙo a ko'ina ya shafe mu.

Sunan littafin Shanghai Lawyer, watau Lauyan Shanghai. Wanda ya rubuta shi Norwood Allman, an buga shi a Amurka cikin 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila. An sake buga shi a 2017, da ƙarin bayani da hotuna na wani lauya mai suna Douglas Clark.

WANE NE MUTUMIN?

An haifi Allman a jihar Bajiniya ta Amurka cikin 1893. Yana saurayi ya tafi ƙasar Sin a matsayin mai koyon tafinta a ofishin jakadancin ƙasarsu. Ya koyi Sinanci, ya yi aikin ƙaramin jakada a garuruwa dabam dabam, sa'an nan ya ajiye aikin gwamnati ya buɗe ofishin lauya a Shanghai, yana tsaya wa kamfanoni da 'yan kasuwa. Ya shiga rundunar 'yan sa-kai masu tsaron unguwar Turawa, an zaɓe shi ɗan Majalisar Gari a 1940, ya kuma riƙe wata babbar jarida ta Sinanci. Japanawa suka tsare shi a Hong Kong, aka yi musanyarsa ya koma gida a 1942. Ya rasu a 1987.

Amma ba za a gane littafin nan ba sai an gane garin. To, ga yadda garin ya ke.

Bayan Ingila ta ci Sin a yaƙin da aka yi kan cinikin ofiyam daga 1839 zuwa 1842, sai aka tilasta wa Sinawa buɗe tashoshin jiragen ruwa biyar ga baƙi, har da Shanghai. A 1844 Amurka ta sami tata yarjejeniyar. A cikinta aka rubuta cewa Ba'amurke in ya yi laifi a ƙasar Sin, alƙalin Sin ba shi da ikon hukunta shi, sai jakadan ƙasarsa, da dokar ƙasarsa. A 1863 aka gama unguwar Ingilishi da ta Amurkawa ta zama gari guda cikin gari, da majalisarta da 'yan sandanta da harajinta. A 1906 Amurka ta kafa kotunta sukutum a Shanghai, da jojinta Ba'amurke. Waɗanda suka karanta tarihin Masar za su tuna da imtiyazat, watau gatancin da Turawa suka samu a ƙasashen Daular Usmaniyya, da kotunan gauraye waɗanda suka yi aiki a Masar daga 1876 har 1949. Uwa ɗaya ta haife su.

Ku duba wannan lissafi, jama'a. Cikin shekarun 1930 Sinawan da ke zaune a unguwar nan sun fi miliyan ɗaya, baƙi kuwa ba su kai dubu 50 ba. Amma sai a 1928 aka fara ba Sinawa kujera a Majalisar Gari. Sa'ad da Allman ya shiga majalisar kujeru 14 ne: Ingilishi 5, Sinawa 5, Amurkawa 2, Japanawa 2. Watau masu gari su ne 'yan tsiraru a zauren garinsu. A cikin wannan kududdufi lauyanmu ya yi iyo har shekara da shekaru, kuma daga cikinsa ya kamo kifin da ya ci.

ABIN DA MUKA YABA

Na farko, mutumin ganau ne, ba jiyau ba. Turawa da yawa sun rubuta labarin ƙasar Sin daga barandar masauki, amma shi ya ji harshen mutanen, ya zauna a kotu ya ji ƙararsu da kunnensa. Akwai wata kotu a Shanghai da a ke kira kotun gauraye, wadda aka kafa a 1864 domin shari'ar Sinawa mazauna unguwar baƙi. Alƙali Basine ke zama, a gefensa kuwa ga wani ma'aikacin jakadancin baƙi. Kada ku ɗauka irin muhutin alƙali ne mai ba da shawara ya koma gefe. Tun bayan juyin mulkin Sin na 1911 jakadun baƙi suka karɓe ragamar kotun, har da wuya hukunci ya fita ba da yardar na gefen ba. Allman ya zauna a wannan kujera kafin ya zama lauya. Saboda haka in yana ba da labarin kotu, za ka ji ƙamshin wanda ya shiga ya fita. Wannan sashe shi ya fi kowane nauyi a littafin, kuma ɗalibin shari'a zai ƙaru da shi.

Na biyu, bakinsa da daɗi. Ba ya jibga wa mai karatu manyan kalmomin lauyoyi. Labari ya ke ja, wannan ya ƙare wancan ya tashi, kamar mafataucin da ya dawo daga nesa ya sami tabarma a ƙofar gida. Yana da ban dariya, kuma bai cika tsayawa dogon wa'azi ba. Ko mu da muke binsa ta bakin tafinta ba mu gaji ba.

Na uku, shi ne maganar jarida, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar al'amarin.

A watan Agusta 1937 yaƙi ya ɓarke a Shanghai tsakanin Sin da Japan. Bayan wata uku Japanawa suka cinye sassan birnin da ke hannun Sinawa, amma ba su karɓe unguwannin baƙi gaba ɗaya ba, don a lokacin ba su yaƙi da Ingila da Amurka. Sai unguwannin nan suka zama kamar tsibiri a tsakiyar ambaliya, har shekara huɗu. Akwai wata tsohuwar jarida ta Sinanci mai suna Shun Pao, wadda aka kafa tun 1872. Japanawa suka ce sai sun duba kowane labari kafin a buga. Masu jaridar suka ƙi, suka rufe ta a Shanghai a watan Disamba 1937. A watan Oktoba 1938 ta sake fitowa, amma da sabuwar riga: an yi mata rajista da sunan kamfanin Amurkawa, kuma Allman na cikin waɗanda suka ba da sunansu suka tsaya a gabanta. Da ya ke ta zama dukiyar Amurkawa a takarda, mai duba labarai na Japan ba shi da hanyar sa mata hannu bisa doka.

Wannan ba ƙaramin hali ba ne. A lokacin Shanghai ta zama garin harbi da jifa da bom. Gwamnatin da Japanawa suka ɗora, ta Wang Jingwei, tana da gidan 'yan ta'adda a lamba 76 kan titin Jessfield, wanda ko sunansa aka ambata sai gaban mutum ya faɗi. A watan Yuli 1940 gwamnatin nan ta fitar da sunayen wasu baƙi 'yan jarida ta ce a kore su daga ƙasar, da sunan Allman a ciki. Bai janye sunansa daga jaridar ba. Mutumin da ke da ofis mai kawo kuɗi, da iyali, da hanyar komawa gida, ya zaɓi ya tsaya, to, ya cancanci a ce masa madalla. Ba za mu hana shi wannan ba.

ABIN DA MUKA ƘI

Waɗanda suka yi karatun Risala sun san ƙa'idar nan, cewa ba a karɓar shaidar mutumin da ke jawo wa kansa amfani da shaidar, ko ya ke tunkuɗe wa kansa wata cuta da ita. Ba don an ce maƙaryaci ne ba. Dalili shi ne ido ba ya ganin kansa. To, littafin nan daga farko har ƙarshe shaidar mutum ce a kan kansa, kuma mutumin lauya ne, wanda sana'arsa ke nan ya jera magana yadda za ta yi wa wanda ya ke tsaya wa kyau. A wannan shari'a kuwa shi ne lauya, shi ne mai ƙara, shi ne shaida. Alƙali kaɗai ya rage, shi ne kai mai karatu. Kada ka bar masa wannan kujera ita ma.

Aibu na farko da ya biyo daga nan shi ne, gari mai mutum miliyoyi an leƙa shi ta taga guda. Tagar kuwa ta bene ce. Daga can ana hango kotu da majalisa da kulob da filin dawaki sarai. Mai jan keken ɗaukar mutane, da yarinyar da ke tsaye a masaƙa tun asuba, da ɗan gudun yaƙin da ya kwana a bakin titi, su daga sama ƙanana su ke. Basine yakan shigo labarin a matsayin mai ƙara, ko wanda a ke ƙara, ko abokin aiki, ko abin ba da dariya, ya yi abin da marubuci ke bukata ya fita. Ba mu ce Allman ya ƙi Sinawa ba. Alama ta nuna yana son ƙasar da mutanenta. Amma ƙauna daga kan doki dabam ta ke da ta wanda kuka taka ƙasa tare.

Aibu na biyu ya fi wannan zurfi. Mun yaba masa da ya ara wa jarida sunansa. To, mu tambayi kanmu: me ya sa sunan Ba'amurke ɗaya ya fi ƙarfin sunayen dukan ma'aikatan gidan jaridar? Amsa ita ce yarjejeniyar nan ta 1844. Garkuwar da ya kare jaridar Sinawa da ita, ita ce dai sandar da aka daɗe ana dukan martabar Sin da ita. Gatan da ya hana Japanawa taɓa jarida a 1938, shi ne ya ba 'yan sandan unguwar baƙi ƙarfin halin buɗe wa masu zanga-zanga wuta a titin Nanking ran 30 ga Mayu 1925, suka kashe mutane, har ƙasar Sin duka ta ɗauki zafi. Itace ɗaya ne, wani ya sha inuwarsa, wani reshensa ya faɗo masa a ka. Littafin da zai cika littafi sai ya riƙe abubuwan nan biyu a hannu ɗaya ya auna su har ƙarshe. Mai labarin daɗi kuwa gaggawa ya ke ya kai ga labari na gaba. Wanda ya ci abincinsa shekara ashirin daga wani tsari, ko da ya ga aibin tsarin, da wuya ya ji zafinsa kamar wanda aka dafa abincin a bayansa.

Aibu na uku, a duba wa ya biya kuɗin jaruntakar. Baƙin da aka rubuta sunayensu a 1940, kora aka ce a yi musu. 'Yan jarida Sinawa kuwa harsashi aka aika musu. A watan nan na Yuli 1940 aka harbe Samuel Chang, babban ma'aikacin wata jarida ta Amurkawa a Shanghai. A watan Fabrairu 1941 aka kashe Jin Huating, ɗan jaridar Shun Pao ɗin kanta. Rajistar Amurka ta kare injin buga jarida da ginin da ya ke ciki, amma ba ta bi ma'aikaci gida da dare ba. Waɗannan mutane ba su rayu sun rubuta tarihin ransu ba. Saboda haka duk wanda ya rufe littafin nan yana jinjina wa lauya, muna roƙonsa ya ajiye rabin jinjinar domin su.

Aibu na huɗu ba laifin marubucin ba ne duka, laifin lokaci ne. Littafin da aka buga a 1943 makami ne a yaƙi. Sin abokiyar Amurka ce a lokacin, Japan abokiyar gaba, kuma mutanen da marubucin ya bari a Shanghai suna hannun Japanawa. Mai hankali a irin wannan hali dole ya tauna magana kafin ya fitar. Ga shi kuma shi kansa ya shiga ofishin leƙen asirin Amurka na lokacin yaƙi, wanda a ke kira OSS, yana aikin sashen Gabas Mai Nisa. Wanda ya ɗauki irin wannan aiki ya san ƙofar da a ke buɗewa da wadda a ke ja. Don haka mu ke ba da shawara, mai neman littafin ya nemi bugun 2017, domin ƙarin bayanin da ke ciki yakan zama kamar shaida na biyu a zauren.

RANAR DA TAKARDA TA DAINA AIKI

Babin da ya fi taɓa mu shi ne na ƙarshe. Ran 8 ga Disamba 1941 Japan ta shiga yaƙi da Amurka da Ingila, sojanta suka shiga unguwar baƙi ta Shanghai a ranar. Allman yana Hong Kong a lokacin. Ran 25 ga Disamba garin ya miƙa wuya. Aka tattara Turawa farar hula aka kai su sansanin Stanley. Mutumin da jiya sunansa ke tsare gidan jarida, yau ga shi a layi da kwano yana jiran shinkafa. Jaridar ma Japanawa suka karɓe ta, ta koma faɗin abin da su ke so.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ikon da lauyoyin baƙi ke taƙama da shi a Shanghai ba daga cikin littattafan doka ya fito ba. Daga bakin bindigogin jiragen yaƙin da ke tsaye a kogi ya fito. Ran da aka sami wanda jiragensa suka fi yawa a kogin, sai dokar ta zama takarda kawai. Duk da haka shi ya fi waɗansu sa'a, domin yana da gwamnatin da za ta nemi shi. A tsakiyar 1942 aka ɗauki Amurkawan sansanin cikin jirgin Japan aka kai su Lorenso Markis, wadda yanzu a ke kira Maputo, a ƙasar Mozambik. A can aka yi musanya, suka hau jirgin Gripsholm, suka isa New York ran 25 ga Agusta 1942. Sinawan Hong Kong da na Shanghai ba wanda ya aiko musu jirgi, sun sha mulkin Japan har 1945.

Ran 11 ga Janairu 1943 Amurka da Ingila suka sa hannu suka yafe gatancinsu a ƙasar Sin. Kotun Amurka ta Shanghai ta mutu. Watau shekarar da littafin ya fito, ita ce shekarar da aka binne duniyar da ya ke ba da labari. In ka karanta shi da wannan a ranka, za ka ji ban dariyar ciki ta yi kama da irin hirar da a ke yi a zaman makoki, inda a ke tuna mamaci da alheri a rufe sauran. Allman ya koma Shanghai bayan yaƙi, amma 'yan Kwaminis suka karɓi birnin a watan Mayu 1949, ya fita a 1950. Shun Pao ma a watan Mayun nan ta rufe.

ABIN DA YA SHAFE MU

Wani zai ce, Malam, ina ruwan Zango da Shanghai? Ruwanmu biyu ne.

Na ɗaya, baƙunci iri biyu ne. Akwai baƙon da ya zo da dokarsa a aljihu da jirgin yaƙi a bayansa, akwai kuma wanda ya zo da jakar fatauci ya nemi izinin sauka. Kakanninmu na biyun ne. Sun zo da shanu da allo, suka zauna ƙarƙashin ikon masu ƙasa. Amma dattawanmu da suka ga watan Nuwamba na 1969, sa'ad da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, sun san abin da Allman ya gano a Hong Kong: shekarun da ka yi a gari, da gidan da ka gina, da sunan da ka yi, duk za su iya zama ba kome cikin sanarwa guda. Bambancin shi ne, shi jirgin ruwa ya zo ɗaukarsa, namu kuwa a bayan manyan motoci suka tafi. Samarin da ba su ga wannan ba, su zauna da waɗanda suka gani tun suna da rai.

Na biyu, yau ƙafa ta juya. 'Yan kasuwarmu su ke zuwa Guangzhou, garin da Turawa ke kira Kanton, ɗaya daga cikin tashoshi biyar ɗin nan na 1842. Suna zuwa da biza, suna bin dokar Sin, in rigima ta tashi kotun Sin za su. Babu jakadan da zai zauna gefen alƙali dominsu. Abin da za su koya daga Allman ba gatansa ba ne, don ba za su same shi ba, kuma bai kamata kowa ya same shi ba. Abin koyi shi ne ya ji harshen mutane, ya san dokar wurin, ya san darajar yarjejeniya a rubuce. Wanda ke aika dukiyarsa ƙetare bisa amanar tafinta da takardar da bai iya karantawa ba, ya yi tunani.

Ga 'ya'yanmu masu karatun lauya kuma, ga tambayar da littafin ya bari ba amsa. Sunanka da takardar shaidarka wata rana za su zama laima. Wa za ka saka a ƙarƙashinta? In ruwa ya tsananta, kai za ka jiƙe ko shi? Allman ya ba da laimarsa ga jarida a lokacin tsoro, wannan ya yi kyau. Amma laimar da ma da fatar masu jaridar aka ɗinka ta.

HUKUNCI

Littafin ya cancanci karatu, kuma mun roƙi mai shi ya bar shi wata guda a ɗakin karatun ƙungiya. A karanta shi kamar yadda alƙali nagari ke sauraron mai ƙara mai daɗin baki: a ba shi lokacinsa, a rubuta abin da ya gani da idonsa, kada a yanke hukunci sai an ji ta bakin abokin shari'arsa. Muna fata wani daga cikin samarinmu masu jin harsuna zai nemo mana littafin da Basine ya rubuta a kan waɗannan shekaru, mu auna su tare a wata fitowa.

In mun yi daidai, madalla. In mun yi kuskure, shafin nan a buɗe ya ke ga mai gyara, babba ko yaro. Allah ya ba baƙo mai masauki nagari, ya ba mai masauki baƙo mai kunya.

Wassalam.

Naku,
Malamin Makarantar Arabiyya